Saiwa Tana Nan da Rai

   

Kwamitin shirya taro ya nemi in faɗi abin da ya riƙe ni a shekarun nan da duniya ta yi ta juyi da mu. Kun san ni Kirista ce, ni ma na san yawancin waɗanda ke zauren nan Musulmi ne. Na gode da kuka ba ni wuri, domin haka halin ƙungiyarmu yake tun farko. Zan yi magana daga cikin bangaskiyata, don ita ce guzurin da nake da shi. Wanda ya ji abin da zai amfane shi, ya ɗauka ya tafi da shi gida.

Akwai tambaya guda da ta bi ni tun ina yarinya har na yi furfura: ke wace ce? A lekol a Maradi, in na faɗi sunana na baftisma, sai a dube ni a ce, "Anya ke Bahaushiya ce? Ba 'yar Togo ba ce ko Benin?" Da na zo Amurka, in na ce daga Nijar nake, sai su ji Najeriya. In na yi ta bayani har suka gane, sai su tambaye ni yaushe na canza addini. A wasu majami'u kuwa, akan yi mani irin kallon da ake yi wa hoton da mishan ya aiko daga Afirka, da tausayi da fara'a, amma ba wanda ya zaci ina da abin koyar da shi. A gida ana shakkar Hausancina, a nan ana mamakin Kiristancina. Na san 'ya'yanmu Musulmi da aka haifa a nan suna da tasu irin tambayar: a makaranta su 'yan Afirka ne, in sun je hutu Maradi kuma a kira su Amurkawa.

Bari in fara amsawa da tarihi, don yaranmu su ji. Mishan ɗin SIM ya sauka Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru kaɗan ya kafa tasha a Tibiri. Kakana yana cikin manoman da suka karɓi bishara a wancan zamani. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da harshen Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya kasance cikin jagororinsa. An buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan asibitin kutare na Danja a shekarun 1950 ɗin nan, kuma ba na jin akwai gida a zauren nan da bai taɓa kai majinyaci ɗaya daga cikinsu ba. Ƙetaren iyaka kuma akwai Wusasa, inda Hausawa masu bi suke tun kafin a haifi iyayenmu. Sama da shekara 90 ke nan Bahaushe yana karanta Zabura da harshen da ya sha a nono. Saboda haka in aka tambaye ni ko ni Bahaushiya ce, ba na ɗaga murya. Tuwon da aka ci aka girma, shi na ci.

Wani abu kuma da ya shafe mu duka, Musulmi da Kirista: garinmu kansa garin waɗanda aka tumɓuke ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi ta yawo a arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa ma haka suka kafa Tibiri bayan an ci su da yaƙi. A 1945 Gulbi ya cika ya cinye tsohon gari, mutane suka hau tudu suka sake gini. Kakanninmu sun san yadda ake rasa gida a kafa wani, ba tare da an rasa suna ba. Mu da ke Greensboro jikokinsu ne, kuma irin jarrabawarsu ce ta same mu.

Sau uku ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafata tun da na zo nan. Na farko shi ne Janairun 2015. Wata mujallar Faransa ta buga zanen ɓatanci, abin da babu hannun Kiristan Nijar ko ɗaya a ciki, amma ranar 16 ga wata a Damagaram da ranar 17 a Yamai aka ƙona majami'u da dama, mutum 10 suka rasa rayukansu. Ina aikin dare a nan, wayata tana ta ƙara, ina kallon hotunan wuraren da na taɓa yin sujada sun zama toka. A daren nan na tambayi kaina ko har yanzu ina da ƙasar da zan kira tawa. Amma cikin kwanakin ne kuma muka ji labarin maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a ɗakunansu. Kuma dattawan wannan ƙungiya sun tako har gidana suka yi mana jaje. Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba.

Na biyu shi ne shekarar korona. A ƙarshen Maris na 2020 Gwamna Roy Cooper ya ba da umarnin kowa ya zauna gida, Nijar kuma ta rufe filayen jiragenta. Ista ta zo ranar 12 ga Afrilu, muka yi sujada ta waya, kowa a falonsa. Ni ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi, inda aka hana 'yan'uwa shiga. Cikin watan azumi na shekarar, Inna ta rasu a Maradi. Ban ga fuskarta ba, ban zauna zaman makoki ba, ta WhatsApp na ga an sa ta a ƙasa. Ku da kuka rasa iyaye a wancan lokaci kun san wannan ciwo, ba sai na fassara muku ba. Wata Hajiya da ke zaune a zauren nan ta riƙa ajiye mani kunu da ƙosai a bakin ƙofa kullum da magariba, ta ƙwanƙwasa ta koma mota, har mako biyu. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri.

Na uku shi ne juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da abin da ya biyo baya. CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, aka rufe hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, hanyar da ta haɗa uwa da 'ya, kasuwa da kasuwa. Farashin shinkafa da magani ya tashi, kuɗin da muke aikawa ya daina kai wata. Ba zan shiga siyasa ba, don na san ra'ayoyinmu sun bambanta, har wasu sun daina gaisawa a kan haka. Abin da na sani shi ne da yawanmu mun kwana muna lissafi: gidan da muke ginawa a can, yaushe za mu shige shi? Takardun da muke jira a nan, yaushe za su fito? Mutum ya zama kamar wanda ya sa ƙafa ɗaya a kwalekwale, ɗaya a gaɓa.

To, abubuwa uku ne na samu cikin Littafi Mai Tsarki da suka tsayar da ni, kuma su nake so in bar muku.

Na farko, suna. Lokacin da Nebukadnezzar ya kwashe samarin Yahuza zuwa Babila, abu na farko da aka yi musu a fada shi ne canza musu suna. Daniyel ya koma Belteshazzar, abokansa uku suka koma Shadrak da Meshak da Abednego. Aka koya musu harshen ƙasar da iliminta, suka koya, har suka riƙe manyan muƙamai. Amma Daniyel ya ja layi a kan abin da zai ci da wanda zai yi wa sujada, kuma har ya tsufa yana addu'a sau uku a rana. Mu ma a nan an canza mana suna. A wurin aiki an gajarta sunayenmu don bakinsu ya iya, a ofisoshi kuma mu lamba ne a kan takarda. Wanda ya yi digiri a Jami'ar Abdou Moumouni yana ɗaukar kwali a sito, tsohon malamin lekol yana tuƙa tasi. In mutum ya jingina darajarsa a kan aiki ko takarda, ranar da aka karɓe su sai ya rushe. Bangaskiyata ta koya mani cewa Allah ya san ni da sunana tun kafin wata hukuma ta buɗe mani fayil, kuma Yesu Almasihu ya ba da ransa domina tun ban mallaki komai ba. Wannan suna babu jami'in da ya ba ni shi, babu kuma wanda zai soke shi. Da na riƙe wannan, sai na iya yin ƙaramin aiki ba tare da na ƙanƙance ba.

Na biyu, wasiƙar Irmiya. A littafinsa, sura 28 da 29, an ba da labarin wani mai suna Hananiya da ya yi wa mutane albishir cewa cikin shekara biyu za a komo daga Babila. Irmiya kuwa ya rubuta wa waɗanda aka kwashe cewa zaman zai kai shekara 70. Ya shawarce su su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin da suke ciki addu'a da fatan alheri, don lafiyarsu tana ɗaure da lafiyarsa. Jama'a, wa ke cikinmu bai ce shekara biyu zai yi ba? Dukanmu haka muka ce: in tara jari in koma. Ga shi wasu sun shekara 25, akwatin yana nan a ɗaure a zuci, 'ya'ya sun gama jami'a, mu kuwa ba mu san sunan maƙwabcinmu ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta kwana shekara 25 ta zama ruwan gari. Son gida ba laifi ba ne, kuma wanda Allah ya nufa zai koma. Amma ranakun da muke yi a nan suna cikin lissafin rayuwarmu, kuma za a tambaye mu abin da muka yi da su.

Ni a gidan tsofaffin nan na gane haka. Makonni kaɗan bayan rasuwar Inna, ina kula da wata tsohuwa baƙar fata da ta haura shekara 90, 'ya'yanta ba su da izinin shiga. Ina gyara mata shimfiɗa ina rera wata waƙar sujada a hankali da Hausa, sai na ji ta kama da Turanci, murya ɗaya, kari ɗaya. Da yawa cikin waƙoƙin da ke littafinmu na sujada daga nasu aka juyo su. Na riƙe hannunta har ta yi barci, kuma ina wurin ranar da ta cika. Hidimar da ban samu yi wa mahaifiyata ba, Ubangiji ya ba ni in yi wa uwar wasu, kamar yadda maƙwabta suka yi wa tawa a Maradi. Tun daga ranar na daina ɗaukar aikin nan a matsayin abin biyan haya kawai.

Kuma birnin nan ya cancanci a san shi. Ranar 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu na jami'ar A&T, wato Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth da ke titin Elm, inda aka hana baƙar fata zama. Aka ƙi ba su abinci, su kuma suka ƙi tashi. 'Yan matan kwalejin Bennett, makarantar da ikkilisiyar Methodist ta kafa, suka shiga gwagwarmayar, kuma a ɗakin sujadar kwalejin ne Martin Luther King ya yi jawabi a 1958. Ranar 25 ga Yulin 1960 kantin ya fara ba kowa abinci a teburin. Bayan kwana 9, ranar 3 ga Agusta, Nijar ta sami 'yancin kai. Duk lokacin da ni da ku muka shiga gidan abinci a garin nan muka zauna inda muke so, gumin waɗancan yara muke ci. Ginin ya zama gidan tarihi tun 2010. Mu nawa ne muka taɓa kai 'ya'yanmu?

Na uku, kututture. A littafin Ayuba sura 14 an yi maganar itacen da aka sare, cewa muddin saiwarsa tana ƙasa, da ya ji ƙanshin ruwa zai sake toho. Mu mutanen Maradi mun ga wannan da idonmu. Bayan farin shekarun 1970, an yi ta dasa itatuwa daga gandun reno, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu saiwa mai zurfi, kalgo da sabara da sauransu. Dabarar da aka kira sassabin zamani mai sauƙi ce: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya tsare su daga dabbobi da gatari. Bayan yunwar 1984 manoma suka karɓe ta, suka yaɗa ta gona zuwa gona. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Dajin yana nan a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon lokacin da ake cewa ya mutu.

Iyayena, haka 'ya'yanmu suke. Mukan ce sun lalace, ba su jin Hausa, ba su san gaisuwa ba. Saiwar tana nan, aikin manomi ne ya rage. Sai mu zaɓi rassan da za mu tsare: harshe, da addu'a a cikin gida, da girmama na gaba, da zumunci. Mu kuma datse waɗanda ke shanye ruwan banza: gasar biki da anko, da cin bashi don a ce mun yi arziki a Amurka, da gulmar da ke yawo a zaurukan WhatsApp. Ku kuma 'ya'yanmu, ku ɗaga kai daga waya ku ji ni. Ba sai kun zaɓi ɗaya tsakanin Maradi da Greensboro ba. Daniyel ya iya harshen Babila, kuma bai manta inda tagarsa take fuskanta ba.

Saboda kada magana ta tsaya a baki, ina roƙon ƙungiya abubuwa huɗu. Mu buɗe ajin Hausa na yara kowace Asabar, sa'a biyu, Musulmi da Kirista a ɗaki ɗaya, ni kuma na ba da sunana cikin masu koyarwa. Mu ƙarfafa asusun jana'iza, kowa ya biya nasa a kan kari, don kada a sake yawo da kwano ranar da aka yi rashi. Waɗanda suka shekara 5 da katin zama na dindindin, su nemi shawarar lauya na gaskiya a kan zama 'yan ƙasa, matasanmu masu ilimi kuma su taimaka wa dattawa da karatun jarrabawar. Sannan kowane gida ya ɗauki hidima guda a cikin garin nan, ko rabon abinci ga mabukata, ko taron iyaye a makarantar yara, ko ziyarar tsoho maƙwabci. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ba ta tambayar launin wanda za a je wa.

Ga na gida kuma, kalma ɗaya. In kun ji shiru daga gare mu, ba mantuwa ba ce, wani lokaci nauyi ne ya yi yawa. Ku riƙa gaya mana gaskiyar halin da ake ciki, mu ma za mu riƙa gaya muku tamu. Ku ci gaba da riƙon maƙwabtaka irin wadda aka nuna a 2015, lokacin da wasu suka buɗe ƙofa alhali wasu suna kunna wuta. Ita ce dukiyar Maradi da ta fi gyaɗa da kasuwa.

Ubangiji ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ta'azantar da marayu da gwauraye. Ya ba Nijar da Najeriya zaman lafiya da damina mai albarka. Ya albarkaci wannan birni da ya karɓe mu, ya tsare 'ya'yanmu, ya kai kowa gidansa lafiya a daren nan.